Gawon da uba ya bari

Dattawan Sarkin Yamma da suka ga yunwar El Buhari ta 1984 suna ta ƙarewa, Allah ya jiƙansu. Su ne suka rungumi sassaben zamani da ya somo a jahar Maraɗi a 1983: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa ƴan rassa ya koma itace. Uba irin wannan ya san kowane gawo na gonarsa. Ya koya wa ɗiyansa cewa gawo kan zubda ganye da damina, hatsi ya sha rana, ya yi kore da rani, bisashe su ci. Magada da ke birni, ƴan kasuwa da ma'aikata, ku tuna da wannan ranar da mai gatari ya taya gawon.