Yafe wa direba daban, barin haƙƙin asirans daban

In kamiyon ya kaɗe mutum kan hanyar Maraɗi ko ta Ɗan Issa, me muke yi? Dattawa su zauna, mai mota ya ba da 'yan jikkuna, a ce ƙaddara ce, shi ke nan. Bayan wata shida ƙafa ba ta warke ba, gona ta kwana, an saida awaki.

To ku sani, dokar CIMA da Nijar ta sa wa hannu a 1992 ta tilasta wa kowace mota asirans, don biyan wanda ta ji wa ciwo. Kuɗin nan kamfani zai biya, ba direba ba. In mun ƙyale, kamfani muka yi wa kyauta, ba sadaka ba ce.

Saboda haka a kira jandarma su yi konsta, a rubuta lambar mota, a amshi takardar likita, a adana rasit ɗin magani. Kada a sa hannu kan takardar da ba a karanta mana ba. Wa'adin kai ƙara shekara 5 ne.

Mu yafe wa direba, amma kada mu yafe abincin marayu. Allah ya kiyaye hanya.