Harsashi 500 kafin a amince da ita: abin da bidiyon bindigogin Amurka ba ya nuna maka

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon da nake nufi. Wani Ba'amurke ne zai buɗe kwali a kan teburi, ya fito da 'yar ƙaramar bindiga sabuwa dal wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ya juya ta, ya soke ta a ƙugu, ya saki riga a kai, sannan ya juya gaban kyamara don ka ga ko alamarta babu. Sai ka gangara wurin sharhi ka tarar da 'yan uwanmu sun riga ka isa: “Kai, Allah ya ba mu irin wannan ƙasa!” Wani ya ce, “Da a ce muna da irin wannan a Zamfara, da tuni an wuce wurin.”

Ban ga laifin mai wannan magana ba, domin wanda aka kashe wa uba a gona ko aka sace wa ƙanwa ba za ka hana shi mafarkin makami ba. Amma a ganina an ɗauki wani ɓangare na labarin an bar wani, kuma wanda aka bari ɗin ya fi nauyi. Su kansu masu son bindigar a Amurka, waɗanda suka ɗauki abin da gaske, ba sa yarda da sabuwar bindiga ranar da suka saye ta.

Tambayi duk ɗan acaɓa da ya taɓa yanko sabon Boxer. Ba ya fita da shi ranar farko ya murɗa totur har ƙarshe. Yana lallaɓa shi, ya yi juyen mai da wuri, har sai injin ya saki jiki. To, haka ma bindiga mai sarrafa kanta take. Ƙarfe ne ke goga ƙarfe a cikinta, akwai sifirin da ke da tauri yana sabo, akwai 'yan kaushin da injin masana'anta ya bari waɗanda sai an yi ta harbi suke gogewa. A wannan lokacin ne bindigar ta fi yawan cijewa: ko ta kasa ɗauko harsashi na gaba, ko ta kasa tofar da kwanson wanda aka harba. Kamfanin Kahr ya rubuta ƙarara a littafin da yake haɗawa da bindigoginsa cewa sai an harba 200 kafin a ɗauke su a matsayin abin dogaro. Wasu kamfanonin, irin su Glock, ba su gindaya wannan sharaɗin ba, amma duk da haka al'adar da ta yaɗu tsakanin masu koyar da harbi ita ce mutum ya ƙona harsashi 200 zuwa 500 a filin atisaye ba tare da matsala ba kafin ya ce zai jingina ransa da ita.

Kuma ba bindigar kaɗai ake horarwa ba, har da mai ita. Nan ne abin yake ba mutane mamaki: ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Ba ta da nauyin da zai shanye ƙarfin fashewar, don haka tana zabura a hannu. Mariƙinta gajere ne, wani lokacin ɗan yatsanka na ƙarshe ma ba shi da wurin zama. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, 'yar karkacewar da ba ka lura da ita ba sai ta zama kuskure mai faɗi a can inda harsashin zai sauka. Irin su SIG Sauer P365 da ta fito a 2018 tana cin harsashi 10, ko Glock 43 ta 2015, an ƙera su ne don su ɓuya a jiki, kuma abin da ya sa suke ɓuya shi ne ya sa suke da wuyar sarrafawa.

Yanzu mu zo kan kuɗi, tunda bidiyon ba ya faɗa. Irin wannan bindiga tana kai wa dala 500 zuwa 600. Ga kuɗin harsashin atisaye, ga na harsashin da ake yawo da shi wanda ya fi tsada kuma shi ma sai an gwada shi, ga kube mai kyau da zai rufe kunama don kada ta tashi a wando, ga akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara, ga kuɗin shiga filin harbi, ga kuɗin malami. Ka buga lissafin da canjin yau, ka ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashinmu na naira 70,000. Kuma ba sau ɗaya ake yi a gama ba. Hannu yana mantuwa. Wanda ya yi wata shida bai je atisaye ba ya koma kusan ɗan koyo.

Sai dai ko an yi duk wannan, me ake samu? Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta fitar da rahoto a 2008. Abin da ta gano shi ne, idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasan 'yan sandan ke samun wanda aka nufa. Waɗannan fa mutane ne da aikinsu ke nan, gwamnati ke biya musu horo, suna komawa atisaye a kai a kai. Cikin harsashi goma, takwas sun tafi wani wuri. A fili babu kowa, wannan asarar harsashi ce. A Kantin Kwari ko a tashar mota ranar kasuwa, “wani wuri” ɗin nan mutum ne, mai talla ko yaro ko tsohuwa.

Akwai wata haɗuwar lokaci da ta daɗe tana tsaya mini a rai. Ranar 23 ga Yuni, 2022, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka fi sani da Bruen, inda ta ce ɗan ƙasa na da 'yancin fita da ƙaramar bindiga don kare kansa, kuma jihar New York ba za ta tilasta masa kawo wani dalili na musamman ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a cikin watan dai, gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta sanar cewa jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga don kare kansu daga 'yan bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce ba haka ake yi ba. Kafin nan ma, a 2021, Aminu Bello Masari na Katsina ya yi irin wannan kiran. Daga wannan lokacin ne kwatanta mu da Amurka ya zama ruwan dare a shafukanmu.

Amma kwatancen ya gurgunce tun daga tushe. A Amurka 'yancin riƙe makami yana cikin kundin tsarin mulki tun 1791. A nan, Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta irin mai baki biyu tana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gwamna ba shi da hurumin ba ka lasisin fistol, ko da ya faɗa a rediyo. A watan Agusta na 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga kuwa, abin da doka ta tanadar masa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Don haka ɗan uwa, idan wani ya turo maka saƙo a WhatsApp yana cewa akwai “kaya” mai sauƙin kuɗi, ka san me yake sayar maka. Kuma wannan hoton da wasu ke ɗauka da bindigar aro don burge 'yan mata, shaida ce suka ɗora wa kansu da hannunsu.

To, a ce ma an canza dokar gobe. A ina za ka harba harsashi 500 ɗin? Ba'amurken da ka gani yana da filin harbi kusa da gidansa, da kantin da zai sayi harsashi da rasit, da kamfanin da zai mayar wa bindigar idan ta ba da matsala. A jihar New York sai ka zauna aji na awa 16 ka kuma yi awa 2 na harbi kafin a ba ka lasisi. Kai bindigar da za ta iso hannunka ko dai ta tsallako iyaka ne ba ka san tarihinta ba, ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba, ko kuma ƙirar maƙerin gida ce wadda kan iya fashewa a hannun mai ita. Ranar da za ka fara gwada ta ita ce ranar da ranka ke kan layi, abin da ƙwararrun can suke kashe ɗaruruwan daloli don su kauce masa.

Sannan wane irin abokin gaba ake magana? An ƙera ƙaramar bindigar ƙugu ne don ɗan fashi ɗaya ko biyu a tazarar 'yan taku, a wurin ajiye mota ko bakin kanti. Masu kai hari ƙauyukan Maru ko Batsari kan zo ne a kan babura da dama, biyu-biyu ko uku-uku, da AK-47 mai cin harsashi 30 wadda ke kai wa mita 300. Mai fistol ɗin harsashi 10 a gaban wannan, wallahi, bai kare kowa ba. Ya dai ƙara musu bindiga ɗaya.

Wani zai ce, ai duk da haka Amurka ta fi mu zaman lafiya. Ta wasu fuskokin haka ne, babu mai sace ɗalibai ɗari-ɗari a can ya shige daji da su. Amma a duba farashin da suke biya. Ƙididdigar Small Arms Survey ta 2018 ta ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Hukumar lafiyarsu ta CDC ta ƙirga mutum 48,830 da bindiga ta kashe a 2021 kaɗai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da rabinsu, mutum 26,328, su ne suka kashe kansu. Daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota ta zama babbar sanadin mutuwar yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Masu bincike suna ta jayayya kan ko yawo da bindiga yana rage laifi, amma binciken da Farfesa John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya nuna jihohin da suka sassauta dokar sun samu ƙarin manyan laifuka da kashi 13 zuwa 15 bayan shekara goma. Duk da haka yau jihohi 29 sun bar mutum ya yi yawo da ita ba tare da lasisi ba. Zaɓinsu ne, ƙasarsu ce.

Ni abin da nake hangowa shi ne namu halin. Ka tuna yadda musu kan Arsenal da Man United ke ƙarewa a gidan kallon ƙwallo. Ka tuna faɗan daba a Kano, da abin da wuƙa da gora kaɗai suke yi a lokacin zaɓe. Ka tuna cacar baki a kan titi don mota ta gogi mota, da saurayin da aka hana budurwa, da matashin da ƙwaya ta juya wa kai. Yanzu ka sa wa kowannensu bindiga a ƙarƙashin riga wadda ba wanda ya san da ita. Mun kuma ga ɗanɗanon abin a zahiri: 'yan sa-kai sun fara ne da niyyar kare garuruwansu, amma kashe-kashen da aka zarge su da yi ba tare da shari'a ba suna cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya a Zamfara.

Ba ina cewa mutanen ƙauye su naɗe hannu su jira mutuwa ba ne. Wanda ke zaune lafiya a birni yana danna waya ba shi da bakin faɗa musu haka. Abin da nake cewa shi ne, idan har za a ba fararen hula makami, to ya zama cikin tsari mai suna da rajista da shugaba da wanda za a tuhuma idan an yi ɓarna. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 ƙarƙashin Dikko Radda, Zamfara ta bi sahu da Askarawa a Janairun 2024 ƙarƙashin Dauda Lawal. A nan ya kamata mu zuba ƙarfin da muke ɓatawa a ƙarƙashin bidiyon Amurkawa. Mu tambayi gwamnatocin nan a fili, a X da Facebook inda suke karantawa: mako nawa aka horar da yaran nan, harsashi nawa kowannensu ya harba kafin a tura shi daji, kuma yaushe ya koma atisaye? Wa ke ƙirga harsasan da aka ba su da waɗanda suka dawo da su? Ana biyan su alawus a kan lokaci? Idan ɗaya daga cikinsu ya harbe wanda bai ji ba bai gani ba, wane ofishi iyalan mamacin za su je, kuma mutum nawa aka taɓa hukuntawa?