Nasiha Ga Mai Gida Game Da Matar Da Ta Raina Kanta

Malamai da fatake, ku sani akwai wata cuta cikin gidajenmu wadda ba ta kawo zazzaɓi, amma tana cin zuciya kamar yadda gara ke cin itace. Ita ce mace ta raina kanta. Wata haihuwa ce ta yi mata jinkiri, wata an yi mata kishiya mai ƙuruciya, wata kuwa gorin asali ko na talaucin gidansu ta sha tun tana yarinya. Sai ka ga kullum tana tambaya ko ta yi laifi. In ka yi shiru ta ce fushi kake yi, in ka yi tafiya ta ɗauka gudunta ka yi.

Yawancin maza abu biyu suke yi, ko tsawa ko turmin atamfa. Tsawa tabbatar mata take yi da abin da take tsoro. Atamfa kuwa jiki take rufewa, ba ta isa zuciya.

Ku dubi labarin Nana Safiyya 'yar Huyayyu, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aura bayan yaƙin Haibara a shekara ta 7 bayan Hijira. Wata abokiyar zamanta ta yi mata gori da asalinta na Yahudawa, ya iske ta tana kuka. Bai raina kukan ba. Ya tuna mata nasabarta ta kai ga Annabi Haruna, Annabi Musa baffanta ne, mijinta kuma Annabi. Sa'an nan ya gargaɗi mai gorin ta ji tsoron Allah. Tirmizi ya ruwaito shi. Darasi biyu ke nan: ka faɗa mata alherinta na gaskiya ɗaya bayan ɗaya, ka kuma tsare bakin mai gori, ko da 'yar'uwarka ce.

Ku fatake, kun san yadda ake samun amana a Kasuwar Kurmi. Rantsuwa ba ta kawo ta, sai biyan bashi ran da aka yanka, yau da gobe. Haka zuciyar mace take. In ka ce ran Alhamis za ka komo daga Ikko, to, ka komo, in ka makara ka aiko da magana, ga waya a aljihunka. In ka ƙara aure, ka tsaya ga abin da Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana: kwana 7 ga budurwa, 3 ga bazawara, sa'an nan rabo daidai. Uwargidan da ta ga ba a tauye mata dare ko ɗaya ba, zulluminta zai ragu.

Ku kuma malamai, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta nuna abin da ilmi ke yi wa mace. Wadda ta iya karatu, ta riƙe sana'ar hannunta, tana da madogara ko da ran da miji ya tashi da ɗaurin fuska.

Wani zai ce lallashi sangarta mace yake yi. Sangarta tana zuwa ne daga yabon ƙarya. Faɗin gaskiya da cika alkawari ba su taɓa lalata kowa ba. Amma in abin ya kai ta daina ci, barci ya ƙaurace mata, ko tana ambaton mutuwa, to, ya wuce lallashi, a kai ta ga likita, a haɗa da addu'a.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka karɓa gaban shaidu. Wassalamu.