Kafin Maigida Ya Sayo Injin Ruwa

Idan maigida ya fara zancen sayen injin jawo ruwa, kada ki ce harkar maza ce, domin ke za ki riƙa kunnawa da kashewa.

Da farko, a auna zurfin ruwa a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da rijiyoyin Kunduru da kewayen Kankiya suke ja baya. Injin da ake girkawa a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 8. In ya zarce haka, sai sumo, wanda ake zurawa cikin ruwa.

Na biyu, ruwan da sumo yake ja shi ke sanyaya shi. In rijiya ta ƙafe yana aiki, ƙonewa zai yi, kuɗin buhunan gero sun salwanta, yara su koma layin famfo. Da kin ji ruwa ya daina zuba a tanki, ko wuta ta yi rauni, maza ki kashe.

Ki kuma nemi a sa na'urar da ke kashe injin da zarar tanki ya cika, kada ruwa ya yi ta malala a tsakar gida. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.