Aman wutar rana: me ya shafi Matamaye?

Tun da intanet ɗin Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, ƴan kasuwa da ma'aikata a garuruwa irin su Matamaye, a jihar Damagaram, sun ƙara dogara da taurarin ɗan Adam. Sai dai waɗannan taurari suna yawo ne a sararin da rana ke iya hargitsawa.

Lokaci-lokaci rana kan yi aman wuta. Walƙiyarta na ratsa kilomita miliyon 150 ta iso nan cikin minti 8, ta rikita saman iskar da ke dawo da muryar rediyon gajeren zango, sai tasha ta ɓace da tsakar rana. Wani lokacin tururin wuta mai ɗauke da maganaɗisu kan biyo baya cikin kwana 1 zuwa 3. Shi ke girgiza garkuwar maganaɗisun duniya, ya kumbura iskar sama har ta ja taurari ƙasa.

An riga an gani. A Fabrairun 2022, kamfanin SpaceX ya yi asarar taurarin Starlink 38 cikin 49 da ya harba. A ranar 10 ga Mayun 2024, guguwa mafi ƙarfi tun 2003 ta ruɗa na'urorin GPS na taraktocin manoman Amurka, ana tsaka da shuka.

Kudancin Nijar na kusa da layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu. A wannan yanki saman iska kan birkice bayan faɗuwar rana, siginar GPS ta yi rawa ko da babu guguwa. Wannan ya shafi jirgin da ke sauka Damagaram da mai awon gona.

Kada a haɗa lamarin da zafin bazara ko jinkirin damina. Kowanne da dalilinsa.

Ƙarfin rana na hawa da sauka duk shekara 11, kuma a Oktoban 2024 hukumar NASA ta sanar cewa ya kai ƙololuwa. Afirka ta Kudu na da cibiyar gargaɗi a Hermanus mai aiki dare da rana tun 2022. Ya kamata hukumomin sadarwa da na hasashen yanayi a Yamai su riƙa karɓar irin wannan gargaɗi, su isar da shi da Hausa ta gidajen rediyon karkara.