Mai hatimi a ƙofar ƙwayar cuta

Masu karatu, duk wanda ya taɓa bin takarda a biro ya san darajar hatimi. In an buga shi aiki ya tashi, in an soke shi aiki ya tsaya. To, ƙwayoyin cuta na bakteriya su ma da hatimi suke tafiyar da harkokinsu, kuma zancen ya shafi lafiyar kowane gida.

Mu ɗauki Salmonela, wadda wani jinsinta ke haddasa zazzaɓin tifoyid. A jikin fatarta akwai wani anzim, wato sinadari mai aiki, da masana suka raɗa wa suna PhoQ. Kansa yana waje yana saurare, gangar jikinsa tana ciki. Idan fararen ƙwayoyin jininmu suka haɗiye Salmonela don su kashe ta, takan tarar da wuri mai tsami, mai ƙarancin manyeziyom. Nan take PhoQ zai ɗauki ɗigon fosfat, dangin wanda ke cikin duwatsun yankin Tawa, ya fara manna wa kansa, sa'an nan ya miƙa wa abokin aikinsa PhoP. Wannan fosfat shi ne hatimin. Da ya hau kan PhoP sai umurni ya fita: a sauya wa ƙwayar riga, yadda makaman jiki ba za su kama ta ba.

Abin lura a nan shi ne, PhoQ da ke buga hatimin shi ne kuma mai kankare shi. Da zarar manyeziyom ya wadata, sai ya juya ya tsige fosfat ɗin daga PhoP, umurni ya mutu. Bugu da ƙari, a shekarar 2009 masu bincike a Amurka suka gano cewa cikin umurnin PhoP har da ƙera wani ɗan mitsitsin sinadari, MgrB, wanda ke komawa ya riƙe hannun PhoQ. Ke nan ma'aikaci ne da ke sa hannu da kansa a takardar naɗa sufeton da zai taka masa birki.

Mene ne amfanin wannan linzami? A 1989 an nuna cewa Salmonelar da aka raba da PhoP ba ta iya halaka ɓera. Shekara guda bayan haka aka ga wadda hatiminta ke buge dare da rana ita ma ƙarfinta ya karye. Ashe sanin lokacin tsayawa daidai yake da sanin lokacin tashi.

Amma fa akwai inda tsinkewar linzami ke yi wa ƙwaya rana. A 2013 masana a Italiya suka bayyana cewa Kilebsiyela, mai haddasa ciwon huhu da gurɓatar jini a asibitoci, idan MgrB ɗinta ya lalace, PhoQ ba ya sake hutawa. Kullum tana sanye da sauyayyar riga, kuma wannan rigar ce ke hana maganin kolistin kama ta. Shi kuwa kolistin yana cikin magungunan da likitoci ke ajiyewa sai sauran duka sun gaza.

Ba ƙwayar ce ke yin wayo ba. Cikin miliyoyi akan samu ɗaya da linzaminta ya tsinke. Magani ya share sauran, ita ta gaji filin, ta hayayyafa. Haka lamarin yake ga sauran magungunan kashe bakteriya, ko da hanyar turjiyar ta bambanta. Duk kafson da aka sha don mura, duk garin maganin da aka zuba wa kaji a ruwa ba dalili, share fili ne ga mai turjiya.

Saboda haka, ɗan kasuwa da ma'aikaci, kafin ku miƙa dala ga mai tallar magani a faranti, ku nemi takardar likita. Mai kiwon kaji kuma ya tuntuɓi likitan dabbobi. Ranar da ɗanka ke kwance a asibiti, maganin da bai ƙare aiki ba shi ne dukiya.

Sai mako mai zuwa.