Tú, Usted Ko Vos? Al'adar Sifaniyanci Tana Cikin Nahawunsa

A makarantu da yawa da ake koyar da Sifaniyanci a matsayin baƙon harshe, an saba raba darasi gida biyu. Kwana huɗu a mako ana fama da nahawu, ɗalibai suna haddace jadawalin aikatau kamar masu haddar lissafin sau, ranar ƙarshe kuma sai a ce yau ranar al'ada ce. A ranar ne malami zai nuna hoton shinkafar nan ta Balensiya da ake kira paella, ya kunna kiɗan flamenco, wataƙila ya ƙara da labarin tseren da matasa ke yi a gaban bijimai a garin Pamplona cikin watan Yuli. Littattafan koyarwa ma haka suke. A ƙarshen kowane babi za ka tarar da wani ɗan akwati mai launi, an cusa al'ada a ciki, kuma kowa ya san ba daga nan za a ɗauko tambayar jarrabawa ba.

A nawa ganin wannan rabo kuskure ne. Na kawo maganar cikin mujallarmu ta ɗaliban Hausa ne saboda da yawa daga cikinmu malaman harshe za mu zama, kuma mu da muka koyi Hausa a aji, ba a bakin uwa ba, mun san yadda ɗalibi kan iya cinye jarrabawar nahawu amma ya rasa yadda zai gai da dattijo. Abin da nake so mai karatu ya duba shi ne, mafi yawan al'adar da ɗalibin Sifaniyanci yake bukata tana kwance ne a cikin nahawun da yake haddacewa, sai dai ba a nuna masa ba.

Mu ɗauki wakilin suna na mutum na biyu, wanda ake koyarwa tun makon farko. Littafi zai ce tú na aboki ne, usted kuma na girmamawa, shi ke nan a wuce gaba. To amma me ya sa usted yake tafiya da aikatau na mutum na uku? Me ya sa ake cewa tú tienes, wato kana da, amma usted tiene, kamar ana maganar wani da ba ya wurin? Dalili shi ne usted ba wakilin suna ba ne tun asali. Kirari ne, vuestra merced, wato alfarmarku, wanda baki ya yi ta gutsurewa a ƙarni na 16 da na 17 har ya koma kalma ɗaya. Ɗalibin Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin ya san yadda ake tsayawa gaban babba a ce "Malam ya kwana lafiya?" ko "Yallaɓai yana bukatar wani abu?" alhali ga Malam ɗin a zaune. Idan aka faɗa wa ɗalibi haka, ƙa'idar da yake ta haddacewa ta zama abu mai dalili, kuma ba zai sake mantawa da ita ba.

Labarin bai tsaya nan ba. Kafin vuestra merced, kalmar girmamawa ita ce vos, wadda asalinta jam'i ce, kamar dai yadda ake ce wa babba "ku" a Hausa ko da shi kaɗai ne. Da aka yi ta amfani da ita ga kowa da kowa sai darajarta ta zube, har ta kai babban mutum yana jin an raina shi idan aka ce masa vos. A Sifaniya ta mutu. A Meksiko da Lima, inda fadar wakilan sarkin Sifaniya take, aka bi yayin Madrid ita ma ta ɓace. Amma a yankunan da suke nesa da fada ta rayu, shi ya sa har yau mutumin Ajantina ko Yurugwai ko Nikaraguwa yake ce wa abokinsa vos tenés, vos sos, maimakon tú tienes, tú eres. A Kosta Rika da wasu sassan Kolambiya kuwa, uwa tana iya ce wa ɗanta na goye usted don ƙauna, ba don nisantawa ba. A Madrid kuma matashi yana iya ce wa malaminsa na jami'a tú ba tare da an ga rashin kunyarsa ba, abin da idan ya yi a Bogota za a ɗaga gira. Ya kai mai karatu, a wane akwati za a sa wannan bayani, na nahawu ko na al'ada? Ɗalibin da aka ba shi layi biyu kawai a kan tú da usted, an tura shi kasuwa ne da kuɗin da ba a karɓa a ko'ina.

Haka batun vosotros, wato "ku" na abokai. Ɗalibai suna ɓata makonni suna haddace vosotros habláis, vosotros coméis, ba tare da an gaya musu cewa a duk faɗin Latin Amurka ba a amfani da shi a maganar yau da kullum ba, ustedes ake ce wa kowa. Masu jin Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kai kusan miliyan 500, kuma mutanen Sifaniya ba su kai kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi ba. Meksiko kaɗai, a ƙidayar 2020, tana da mutum miliyan 126. Ba ina cewa a daina koyar da vosotros ba ne. Ina cewa ne duk malamin da ya zaɓi jadawali mai gida shida ko mai gida biyar ya riga ya zaɓi ƙasar da yake koyar da harshenta, ko ya sani ko bai sani ba, kuma haƙƙin ɗalibi ne a sanar da shi. Su kansu masu harshen sun daɗe da amincewa da haka. Hukumar kula da harshe ta Sifaniya, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta daɗe tana yanke hukunci ita kaɗai, amma babban littafin nahawu da ya fito a 2009 tare da takwarorinta na sauran ƙasashe aka rubuta shi, kuma vos yana ciki da cikakken matsayinsa.

Wani wurin da ɗalibai suke kuka shi ne subjuntivo, wanda ya yi kusa da abin da muke kira umartau a nahawun Hausa. Ana koyar da shi ne da dogon jerin ƙa'idoji: bayan kaza a sa shi, bayan kaza kada a sa. Alhali kuwa da shi ake addu'a da fatan alheri da sallama. Mai tafiya a ce masa que te vaya bien, mai shirin barci que descanses, mai cin abinci que aproveche, mamaci kuwa que en paz descanse. Wanda ya saba da "Allah ya kiyaye hanya" da "a sauka lafiya" da "Allah ya jiƙansa" ya riga ya san aikin wannan siga kafin ya san sunanta. Da za a fara darasin da waɗannan gaishe-gaishe, ɗalibi ya yi mako guda yana furta su, sannan a buɗe masa ƙa'ida, da rabin tsoron ya tafi. Ga kuma kalmar ojalá, wadda ba ta tafiya sai da wannan siga. Ojalá que llueva na nufin Allah ya sa a yi ruwa, kuma kalmar daga Larabcin Andalus ta fito, ma'anarta idan Allah ya so.

Wannan kalma ɗaya ta isa ta buɗe ƙofar tarihin shekara kusan 800, daga 711 da Musulmi suka ƙetara daga Arewacin Afirka zuwa 1492 da Giranada ta faɗi. A wannan shekara ta 1492 ɗin ce kuma Antonio de Nebrija ya buga littafin nahawun Sifaniyanci na farko, ya miƙa shi ga Sarauniya Isabel, kuma a gabatarwarsa ya danganta harshe da mulki ƙarara. Wato tun ranar farko nahawun wannan harshe bai taɓa zama shi kaɗai ba. A nan ɗalibin Hausa yana da wata garaɓasa da ɗalibin Landan ba shi da ita, domin harsunan biyu rijiya ɗaya suka sha. Alcalde, wato magajin gari, da alƙali tushensu ɗaya. Haka alguacil da waziri, azúcar da sukari, aceituna da zaitun, almuédano da ladan, hasta da hatta. Har ma yadda harsunan biyu suka haɗiye "al" ɗin Larabci suka mai da shi ɓangaren kalma iri ɗaya ne, dubi albasa da alkama da aljihu a wajenmu, almohada da algodón a wajensu. (Tumatir ɗin da muke miya da shi ma, idan aka bi sawunsa, daga harshen Nahuwatil na Meksiko ya taso, ya biyo ta Sifaniyanci kafin ya zaga duniya.)

Abin takaici shi ne a ƙasarmu duk wanda zai koyi Sifaniyanci ta Ingilishi yake bi, Ingilishi kuwa gada ce mara kyau a nan. Ba shi da jinsin suna, don haka littafin da aka rubuta domin Bature yakan ɓata shafuka yana lallashinsa ya yarda cewa tebur na iya zama mace. Mai Hausa ya wuce nan. Ya san yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, ya kuma san akwai 'yan tawaye irin su gida da ruwa da nama da suna, kamar yadda Sifaniyanci yake da el día da el mapa da el problema. Mu da harsunanmu na gida, irin su Yarbanci da Ibo, ba su bambanta "shi" da "ita" ba, Hausa ce ta fara horar da mu a kan wannan, kuma horon bai kamata ya tafi a banza ba. Wani abin sha'awa, rana mace ce a Hausa, wata kuma namiji, a Sifaniyanci kuwa el sol namiji ne, la luna mace. Duk mai son ya fahimci waƙoƙin soyayyarsu sai ya san wannan.

Akwai masu cewa lokaci ba zai isa ba, kuma ban raina hujjarsu ba. Hausa tana ɗora lokaci a kan lamirin da ke gaban aikatau, na zo, zan zo, nakan zo, Sifaniyanci kuwa a wutsiyar aikatau yake ɗora shi, har aikatau ɗaya ya yi siga kusan 50. Babu labarin tarihin da zai haddace wa ɗalibi vine, viniste, vino. Sai ya zauna ya maimaita, kuma duk malamin da ya ce masa akwai gajeriyar hanya ya yaudare shi. To amma abin da nake nema ba ƙarin awa ba ne. Bayanin asalin usted minti uku ne. Ranar paella ce take cin awa guda cur, kuma ba ta ƙara wa ɗalibi ko jimla ɗaya.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta masu tsoron kada malami ya wuce gona da iri, ya mai da nahawu madubin halin mutane. Wannan haɗari ne na gaske. Alal misali, Sifaniyanci yana bambanta rompí el vaso, na fasa kofi, da se me rompió el vaso, kofi ya fashe mini. An sha jin masu cewa wai wannan ya nuna mutanen ba sa son ɗaukar laifi. Maganar banza ce. Hausa ma tana cewa kuɗi sun ɓace mini, tulu ya fashe mini, akuya ta kuɓuce mini, kuma babu mai hankalin da zai ce Hausawa ba su san alhaki ba. Abin da ya kamata a koya wa ɗalibi shi ne lokacin da ake faɗin kowanne, da yadda mai gida zai ji idan baƙo ya zaɓi na farko alhali tsautsayi ne. Al'adar da nake nufi ke nan, sanin wa ake gaya wa me, a ina, da wace siga. Ba ta bukatar malami ya taɓa taka Madrid, tana bukatar ya yi karatu ne, ya kuma saurari masu harshen, abin da intanet ta sauƙaƙa ƙwarai.

Kuma ma wa ya ce sai Madrid? Ƙasar da ta fi kusa da mu mai amfani da Sifaniyanci a hukumance ita ce Ikwatoriyal Gini, wadda ta sami 'yanci ranar 12 ga Oktoba, 1968. Tsibirin Bioko, wanda a da ake kira Fernando Po, yana nan kudu da Kalaba a cikin teku. Dubban 'yan Nijeriya, akasari daga Gabas, sun yi ƙwadago a gonakin koko na tsibirin, musamman bayan yarjejeniyar da Ingila da Sifaniya suka ƙulla a 1942, har zuwa 1975 da 1976 da aka kwaso su gida saboda azabar mulkin Macías Nguema. Tsofaffi a wannan yanki namu har yau suna kiran wurin Panya, daga kalmar España. A Malabo ana jin Sifaniyanci gefe da gefe da harshen Bubi da na Fang da kuma Pichi, wanda ɗan'uwan Burokan ɗinmu ne. Ƙasar tana da marubuta irin su Donato Ndongo da María Nsué Angüe, tana kuma da tata hukumar harshen da aka kafa a 2013. Amma ɗauki littafin koyon Sifaniyanci da ya zo hannunka ka duba, da wuya ka ga an ba ta fiye da layi ɗaya a cikin jerin ƙasashe. Ɗan Nijeriya da ya koyi harshen nan, zai fi yiwuwa ya fara amfani da shi da ɗan kasuwar Malabo ko Bata kafin ya haɗu da mai rawar flamenco, don haka tattaunawar farko da za a rubuta masa a allo kamata ya yi ta faru a tashar jirgin ruwan Malabo, tsakanin matashi da wata dattijuwa mai sayar da kifi, a bar shi ya zaɓi tú ko usted, sannan a tambaye shi dalili.